Gidan Zu Na Kano: Mun Koma Bayan Shekara 25, Mun Dawo Wa Damagaram Da Tambaya

Duk wanda ya yi lakwal a Damagaram cikin shekarun 1990 ya san yadda ranar komawa aji take bayan babban hutu. Kafin mushe ya shigo, yara kan kasu gida biyu: akwai waɗanda suka cinye hutunsu a gona ko a rumfar kasuwa wajen iyaye, akwai kuma ƴan ƙalilan da Allah ya ba sa'a aka tafi da su Kano. Su waɗannan na biyun ba a tambayarsu labarin Kurmi ko Kwari, ba a tambayarsu Dala da Gwauron Dutse. Tambayar guda ce, ita ce ko sun je Gidan Zu. Wanda ya ce ya je, to ranar shi ne sarki, za a kewaye shi a yi ta jin yadda zaki ke gurnani da yadda giwa ke ɗaukar abu da hanci, ko da kuwa rabin labarin ƙari ne.

A wancan lokaci mun sha jin ana cewa a Amurka akwai wani gari sukutum da aka gina don wasan yara, wato Disneyland wanda aka buɗe a 1955, amma wannan a wajenmu tatsuniya ce. Namu wurin da ake iya zuwa a dawo shi ne Gidan Zu na Kano. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa mai karatu labarin komawar da muka yi can a 2024, da abin da idon babba ya gani wanda idon yaro bai gani ba, da kuma abin da ya shafe mu nan gida a cikin lamarin.

Me ya sa Kano ba Yamai ba?

Mai karatu na iya cewa ai a Yamai ma akwai dabbobi a gidan tarihi na ƙasa. Gaskiya ne, to amma tsakanin Damagaram da Yamai akwai kusan kilomita 900, alhali Kano ba ta wuce kilomita 240 ba. Ɗan kasuwar Zango da zai tafi sarin atamfa ko kayan gyaran babur yana iya barin gida da asuba ya yi azahar a Kano, kuma da wuya ka sami gida a Birni ko Zango da ba shi da dangi, ko abokin ciniki, ko malamin da aka yi karatu wajensa a can. Saboda haka ɗaukar yaro guda a saka shi tsakanin ƙafafu cikin mota ba wani babban nauyi ba ne.

Dangantakar kuwa ba ta yau ba ce, kuma ba kullum ta kasance ta daɗi ba. Masana tarihi sun tabbatar da cewa a ƙarshen shekarun 1890 Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano har Gezawa, zamanin Sarkin Kano Alu, da igwa da bindigogin da aka gada tun daga Sarki Tanimun. Bayan shekara ɗari sai ga jikokin waɗancan mayaƙa sun nufi Kano ɗin dai, amma da gurasa a leda da sabbin takalman roba, ba abin da suke nema sai ganin biri.

Tafiyar 1999

Mu dai rabonmu ya zo a babban hutun 1999, muna da shekara tara a duniya, cikin rakiyar wani kawunmu mai fataucin fata. Hanyar da aka bi ita ce wadda matafiya suka sani: a fita ta yamma a wuce Tirmini, inda Faransawa suka ci rundunar Damagaram a watan Yuli na 1899, wato shekara ɗari cif kafin wucewar tamu, a kai Takeita a karya kudu, a bi ta Kance da Matamaye har Ɗan Barto. Nan ake sallama da ƴan duwan, a ɗan matsa gaba a gaisa da kwastan a Kwangwalam, daga nan sai Daura, sai Kazaure, sai Kano. Damina ce, gero ya rufe gonaki hagu da dama, ba abin da ke nuna wa yaro cewa ya bar wata ƙasa ya shiga wata, in ban da launin kakin ma'aikata da kuɗin da aka canza. A lokacin jikka guda ta sefa ba ta kai naira 200 ba.

Abin da ya fara kama mu a Gidan Zu, kafin ma mu ga wata dabba, shi ne inuwa. Yaron da ya tashi tsakanin duwatsun Birni, inda bishiya ke da daraja kamar rijiya, sai ga shi cikin wani kurmi da rana ba ta taɓa ƙasa sai da ƙyar. Daga nan aka shiga zagayawa keji bayan keji. Mun ga zaki kwance yana hamma, mun ga giwa, mun ga jimina tana leƙen mutane ta saman waya, mun ga kada da muka rantse gunki ne har sai da ya motsa ido, mun ga mesa a naɗe, ga birai suna miƙo hannu ana ba su gyaɗa. Kura kuwa mun riga mun san ta, domin gardawa kan kawo ta kasuwar Dole ranar Alhamis da takunkumi a baki, amma ranar ce farkon ganinmu da ita tana yawo ba sarƙa a wuya.

Bayan dabbobi sai lilo. Ga wanda lilonsa igiya ce a reshen bedi, ganin na ƙarfe mai kujera da fenti ba ƙaramin abu ba ne. Aka kira mai hoto ya ɗauke mu tsaye ƙiƙam kamar sojoji, aka biya rabin kuɗi, aka ce a dawo gobe in an wanke. Hoton nan ya yi shekaru yana yawo hannu zuwa hannu a gidanmu har gefensa ya cinye.

Wanda ya ware filin

Yaro ba ya tambayar wa ya gina wuri, shi dai ya shiga ya more. Sai da muka girma muka san cewa Gidan Zu aikin Alhaji Audu Bako ne, kwamishinan ƴan sandan da ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, kuma sunansa wurin ke ɗauke da shi. An kafa shi a 1971 a kan fili mai faɗin kimanin hekta 46. Shi ne dai gwamnan da ya gina madatsun ruwa na Bagauda da Tiga, waɗanda manoman rani na Kano ke cin moriyarsu har yau.

A nan akwai abin lura. A 1971 Najeriya ba ta daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba, wanda ya ƙare a watan Janairu na 1970, ga kuma fari ya fara kunno kai a ƙasashen Sahel. Babu shakka akwai buƙatu dubu da suka fi kallon zaki gaggawa. Amma duk da haka mutumin da ke tunanin ruwan noma bai ga ɓata lokaci ba ne ya yanki fili a bayan gari ya kewaye shi, ya ce wannan na iyali ne da ƴaƴansu. Lokacin wurin daji ne, fili ba shi da tsada. Da ya ce a bari sai an sami sukuni, da yau shaguna ne da gidajen mai a wurin, domin kuwa titin Gidan Zu ya zama ɗaya daga cikin manyan titunan kasuwanci na Kano.

Komawa

Tsakanin 1999 da 2024 mun sha zuwa Kano, amma kullum da wata buƙata a gaba, ba mu taɓa karkatawa wajen ba. Ita ma hanyar ba kullum take a buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa saboda takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Da aka buɗe, sai muka yi amfani da hutun Ƙaramar Sallah muka tafi gaida dangi, muka ɗauki yara uku, biyu namu, ɗaya ɗan ƙanwarmu. Wannan karon jikkar sefa ta kusa naira dubu biyu, har ɗan canji na yi mana ba'a wai mu ne masu kuɗi yanzu.

Abu na farko da muka lura da shi shi ne gari ya haɗiye wurin. A tunaninmu na yarinta sai an yi tafiya mai nisa an fita Kano kafin a kai, sai ga shi tun daga titi har bakin ƙofa ba inda gini ya yanke, ga adaidaita sahu sun cika ko'ina. Da yake ranakun Sallah ne, jama'a ba masaka tsinke: ƴanmata da lalle da sabbin atamfofi, samari cikin shadda, uwaye da goyo, mutanen ƙauye mota-mota. Ba mu ga alamar wurin ya rasa masoya ba ko kaɗan.

Na biyu kuma shi ne komai ya ƙanƙance. Hanyar da muka ɗauka ba ta da iyaka, cikin ɗan lokaci muka kai ƙarshenta. Katangar da muke ɗaga kai mu kalla, yanzu ga ta daidai kafaɗa. Wurin bai ragu ba, mu ne muka ƙaru, kuma wannan shi ne harajin da duk wanda ya koma wurin yarintarsa yake biya. Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, to amma yaran da ke hannunmu ba su da wata bara da za su tuna. Ihun da suka yi a gaban kejin zaki shi ne dai irin wanda muka yi, ba ragi. Bambancin kawai, ba wanda ya jira a wanke masa hoto, domin kowa da wayarsa a sama, kafin a bar gaban keji hoton ya riga ya isa Damagaram ta WhatsApp.

Na uku shi ne lissafi. Yaro na kallon haƙoran zaki, babba kuwa yana tunanin wa ke sayen naman da haƙoran za su tauna. Babban zaki na buƙatar nama kilo biyar zuwa bakwai a kowace rana, giwa kuwa tana cin ciyawa da ganye fiye da kilo 100, kuma ba ruwansu da cewa wata ya yi nisa ko kasafin kuɗi bai fito ba. Ga likitan dabbobi, ga ruwa, ga masu gadi da masu shara. Wanda ya taɓa kiwon ragon layya na wata uku zai gane abin da muke nufi. Haka nan idon babba kan ga abin da na yaro ba ya gani a kowane gidan dabbobi na duniya, wato yadda dabbar da aka halitta don ta ratsa daji take kai da kawowa cikin ƴan taku kaɗan. Wannan ne ya sa manyan gidajen dabbobi na duniya, irin na Landan da aka buɗe tun 1828, suka yi ta rushe tsofaffin kejin ƙarfe suna maye gurbinsu da filaye masu kama da mazaunin dabba na asali.

Idan mai karatu bai manta ba, sunan wurin ya zagaya duniya har sau biyu a 2019. A watan Yuni aka wayi gari da labarin ɓatan naira miliyan 6.8 na kuɗin shiga da aka tara a lokacin Sallah, har aka baza cewa wai goggon biri ne ya haɗiye su, sai da gwamnan lokacin, Abdullahi Umar Ganduje, ya fito ya ce babu irin wannan dabba a gidan, ya kuma sa a yi bincike. A watan Oktoba kuma zaki ya kuɓuce, aka yi kusan kwana biyu mutanen unguwannin kewaye na cikin fargaba, kafin a same shi a cikin harabar gidan ya shiga wurin awaki ya yi musu ɓarna. Mutane sun yi dariya, sun yi barkwanci, amma akwai darasi a cikin labarin farko: kuɗin da talakawa ke biya cikin ƴan kwanakin Sallah don ƴaƴansu su yi kallo ya kai miliyoyi. Wato buƙatar tana nan, kuma iyaye a shirye suke su biya.

A 2020 gwamnatin jihar ta yi maganar mayar da gidan zuwa Tiga, bisa hujjar cewa hayaniyar gari na damun dabbobi. Hujjar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, sai dai Tiga na da tazarar kimanin kilomita 70 daga birni, kuma uwar da ke iya biyan adaidaita daga Gandun Albasa ko Sheka ba lalle ta iya ɗaukar ƴaƴa biyar zuwa can ba. Mu dai a 2024 a inda muka bar shi muka same shi.

Tambayar da yaro ya yi

A gaban jimina ne ɗan ƙanwar tamu, mai shekara takwas, ya ja mu da riga ya ce: “Kawu, daga wace ƙasar Turawa aka kawo wannan?” Tambayar ta fi duk abin da muka gani ranar tsaya mana a rai, domin jimina tamu ce. A ƙarni na 19 gashin jimina na cikin manyan hajojin da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Damagaram su ratsa sahara da shi zuwa Tarabulus, tare da fatu da ƙiraga. Yau ga jikan waɗancan fatake yana ɗaukar ta baƙuwa.

Ba laifin yaron ba ne. Jimina mai jan wuya ta ƙare a dazuzzukanmu saboda farauta da kwasar ƙwai da fari, har ta kai sai a garke ake riƙon ta. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ɗaya daga cikin wuraren da ake kiwon ta don a mayar da ita daji yana nan cikin jaharmu, a Kelle ta ƙasar Gure. Haka nan gandun dajin Termit da Tin Tumma, wanda gwamnati ta kafa a 2012 da faɗin kusan murabba'in kilomita dubu 97 a lokacin, wani babban ɓangarensa a jahar Damagaram yake. A can ne ragowar mena take, barewar nan da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta ari sunanta, tare da wata farar dabbar sahara mai murɗaɗɗen ƙaho da Turawa ke kira adaks, wadda a wani ƙidaya da aka yi a 2016 guda uku kacal aka gani. Yaranmu na yi wa Mena tafi a gaban talabijin, amma a cikin ɗari da wuya a sami ɗaya da ya san kamannin dabbar.

Kada mai karatu ya ɗauka aikin banza ne riƙon dabba a garke. Mariri, wanda kakanninmu suka sani a arewacin ƙasar nan, an bayyana a 2000 cewa ya ƙare ƙaf a daji. Waɗanda suka rage a gidajen dabbobi da garkunan ƙasashen waje su ne aka tara a Abu Dabi, aka fara sakin su a Cadi a 2016, suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji. Raƙuman dawa na Kure kuma, waɗanda a 1996 ba su wuce 49 ba, kulawa ta sa sun haura 600 cikin shekara ashirin da ƴan kai, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji. Dabba na dawowa in an so ta, kuma ba a son abin da ba a taɓa gani ba. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya ido da ido da jimina yana ɗan shekara takwas, da wuya in ya girma ya zama mai fasa mata ƙwai.

To ina yaran Damagaram ke wasa?

Wannan ce tambayar da muka dawo da ita. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jahar Damagaram ce ta fi kowace jaha yawan mutane a Nijar, da sama da miliyan uku da rabi, kuma an san kusan rabin ƴan ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba. Ke nan maganar wurin wasan yara magana ce ta rabin al'umma.

Ba za mu ce ba mu da komai ba. Muna da hawan Sallah a ƙofar fada, da dawaki da lifidi da kakaki, abin da yaran wasu ƙasashe sai dai su gani a hoto. Muna da wasan kara, muna da tashe cikin azumi, muna da filin kokawa na Langa-Langa. Amma duk waɗannan na lokaci ne, suna zuwa su wuce. Sauran kwanakin shekara fa? Yaro na da duwatsun Birni da zai hau, yana da tabkunan da ke cika da damina, waɗanda kowace uwa ta san haɗarinsu, yana da titi inda yake rabon hanya da ƴan kabu-kabu. Cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda da yawa daga cikinmu suka fara riƙa littafin hotuna suka fara kallon majigi, an ƙone ta a tarzomar 16 ga Janairu 2015. Filayen ƙwallo na unguwanni kuwa, waɗanda dama ba su da takarda, ɗaya bayan ɗaya ake wayar gari a ga an kafa musu duwatsun iyaka an zuba bulo.

Sau biyu Damagaram ta karɓi bikin 18 ga Disamba mai zagaya jahohi, a 2006 da kuma 2018 ƙarƙashin shirin Zinder Sabuwa. An sami tituna, an sami fitilu da gine-gine, kuma ba mai musun amfaninsu. Sai dai in aka tambayi uba a Garin Malam ko Sabon Gari ina zai kai ƴaƴansa ranar Lahadi su yini cikin inuwa su ga wani abu su koyi wani abu da ɗan kuɗin da bai fi ƙarfinsa ba, zai daɗe yana tunani.

Yaron da bai sami wurin wasa ba ba ya fasa neman wuri, sai dai ya samo wanda ba mu so. Mun ga yadda ƙungiyoyin matasan da ake kira pale suka yi ƙarfi a unguwanninmu, abin da ƴar garin nan Aisha Maki ta nuna wa duniya a fim ɗinta mai suna Zinder na 2021, wanda ta ɗauka a Kara-Kara. Ba muna cewa lilo zai magance rashin aikin yi ba ne. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma garin da bai tanadar wa yaro komai ba yana ɗan shekara takwas, bai kamata ya yi mamaki ba in yaron ya juya masa baya yana ɗan sha takwas.

Abin da ake iya yi

Ba zaki muke roƙo ba, ba giwa ba. Garin da ya san wahalar ruwa irin tamu, inda mata da ƴan garuwa kan kwana a layin famfo da bazara, ba shi ne zai ɗauko dorina ba. Misalin da ya fi dacewa da mu yana Yamai. Gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959 a kan fili mai hekta 24, ya haɗa dabbobi da bukkokin gargajiya na ƙabilun ƙasar, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe da aka tono a Gadufawa, da ragowar bishiyar Tenere da mota ta kayar a 1973. Yaro na shiga don ya ga kura, ya fito ya san ƙasarsa.

Irin wannan, daidai ƙarfinmu, bai fi ƙarfin Damagaram ba. Abu na farko shi ne fili: hekta goma ko ashirin a gefen gari, a kan hanyar Tanut ko ta Mirya ko ta Magarya, a yi masa takarda da sunan al'umma yadda ba wanda zai iya yanka shi gobe, a kewaye shi. Na biyu bishiyoyi, irin waɗanda suka saba da ƙishinmu: gawo, aduwa, kurna, magarya, bagaruwa, kuka. Na uku kayan wasa, kuma masu waldarmu da ke ƙera ƙofofi da amalanke ba za su kasa ƙera lilo mai ƙwari ba. Na huɗu dabbobin ƙasarmu masu sauƙin riƙo, jimina da barewa da kunkuru da gauraka, a wuri mai faɗi, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan gandun daji da likitocin dabbobi. A ware rana guda a mako ga ƴan lakwal da almajirai su shiga kyauta da malamansu. A sa rumfa inda dattijai za su riƙa ba da tatsuniya da tarihin Tanimun. Ɗaliban jami'ar Andre Salifu na iya samun wurin gwajin karatunsu a ciki, kuma in an nemi gudummawar matatar mai ta SORAZ, wadda ke aiki a jahar nan tun 2011, da ta manyan ƴan kasuwarmu, ba a roƙi abin da ya wuce kima ba.

Daga cikin duka waɗannan, fili ne ba ya jira. Lilo ana iya saye baɗi, jimina ana iya kawowa bayan shekara biyar, amma bishiya sai ta shekara goma kafin ta ba da inuwa, fili kuma in an raba shi an gina, ya tafi ke nan har abada. Dajin da ke bayan garinmu yau, inda ake ganin ba kowa sai awaki da ledoji, shi ne tsakiyar gari nan da shekara talatin, kamar yadda ya faru a Kano.

Saboda haka muna kira ga mahukuntan birni da na jaha, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram wadda maganarta ke da nauyi a kan sha'anin ƙasa, da ƙungiyoyin iyayen yara, da su sa wannan magana cikin abin da za a zauna a kai kafin rabon filaye na gaba. Audu Bako ya rasu tun 1980, amma duk Sallah dubban yaran da ba su san ko kamanninsa ba suna shan inuwar da ya tanadar musu. Allah ya ba mu shugabannin da za su yi wa ƴaƴanmu irin wannan tanadi, ya kuma raya mana zuriya cikin albarka, amin.